Kunnen da Ya Jira Takarda

Laraba, 4 ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na can wurin ginin madatsar ruwa. Mu nan lafiya lau. Goggonki tana gaishe ki. Gwiwarta ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye, ba a zaune ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Dogo direba ne ya kawo motar simintinku gareji a juye mata mai, ya ce gobe zai kama hanya, na ce to bari in ba shi saƙo, tunda ke waya ba ta samunki sai ranar da kika shigo gari. Ko da ma tana samunki, a yanzu ba ta da amfani a wurina, ga kuma dalili.

Shekaranjiya Litinin na farka da safe na ji gidan ya yi tsit. Na ɗauka wuta aka ɗauke, sai na ɗaga kai na ga fanka tana ta juyawa abinta. Goggonki na tsakar gida tana wanke-wanke, bakinta na motsi, kin san ba ya hutawa, amma ko ƙarar kwano ban ji ba sai da na juya mata kunnen hagu. Na daman ne ya ɗauke, lokaci ɗaya, kamar an kashe makunni. Ba ciwo, ba ruwa, sai wani siririn fito da yake yi mini a ciki. Ranar Lahadi da shi na yi waya da ke lafiya ƙalau, gari ya waye babu shi.

Na hagun kuwa kin san ba abin dogaro ba ne, tun ranar da tayar tirela ta fashe a gefena kina 'yar shekara uku. Shi ya sa kika tashi kina bin damana duk inda za mu, a mota ko a tabarma. To yanzu da ragowar hagun nan nake lallaɓawa.

Mai faci na kusa da mu ya ce dauɗa ce kawai ta taru, ta shekara talatin da biyar a cikin hayaƙi da baƙin mai, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Ya ce in ɗiga man zaitun. Goggonki ta ce asibiti. Ni kuwa na ce ba inda za ni sai na ji daga uwata. Ban manta da maganar tabarau ta bara ba, da na kai kaina wurin da ba ya cikin jerin inshorar ofishinku, suka ƙi biya, kika yi mini wankin babban bargo. Na yi miki alkawari ba zan sake taka ƙofar asibiti ba sai da takardar izini a hannuna. Sunan mahaifiyata gare ki, ita ma kuwa ban taɓa tsallake maganarta ba.

Sai ki duba mini ko akwai mai duba kunne a nan kusa da inshorar ta yarda da shi. Ba wani abin tashin hankali ba ne, aikin kawai nake ji. Kin san ni da kunne nake cin abinci. Wasu sai sun kwance rabin inji kafin su gano ciwonsa, ni kuwa in ɗora bakin doguwar sukudirebata a jikinsa, in kanga ƙotar a kunne, in faɗa maka abin da ke damunsa kafin shayinka ya huce.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Babanki


Talata, 10 ga wata

Baba,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka jiya da yamma, na kuwa yi dariya har abokiyar ɗakina ta tambaye ni lafiya. Ina lafiya, sai dai aiki ya yi mana yawa. An kawo rodi mota shida a mako ɗaya, kuma duk abin da ya shiga sito ko ya fita sai da sa hannuna. A gaishe mini da Goggo, a ce mata ta ci gaba da shafa maganin ko da ta ji sauƙi.

Maganar kunne, Allah ya sawwaƙe. Ni ma ina ganin toshewa ce, don mun taɓa yin wani mai walda a nan da ya yi kwana da kwanaki ba ya ji, aka wanke masa, shi ke nan. Amma don Allah Baba kada ka ɗiga komai. Ba man zaitun, ba tsinken ashana, ba gashin kaza. Mai faci ya tsaya a kan taya.

Na ji daɗi da ka tuna alkawarinmu. Ba don ina son wahalar da kai nake yi ba. Mutanen inshorar nan ba su san uzuri ba, takarda suka sani. In ka je wurin da ba nasu ba, ko ka je nasu ba tare da lambar izini ba, za su ce ba su san zancen ba, kuma in aka maimaita irin na bara suna iya cire sunanka daga katina gaba ɗaya. Da ƙyar na samu aka sa ka, ka sani.

Ga yadda za a yi. Wakilinsu yana zuwa nan sau biyu a wata, ya zauna a ofishin ma'aikata daga safe zuwa azahar. Na yi rashin sa'a ya zo ranar Juma'ar da ta wuce, sai kuma ta sama. In ya zo zan karɓi jerin masu gwajin ji na garinku, in tambaye shi ko katina ya haɗa da kunne, in cike takardar neman izini a gabansa. Da ta fito zan ba Dogo. Kafin nan ka zauna inda kake, kada ka bari Goggo ta ja ka wani wuri. Kwana goma ne ko sha biyu, ba za su kashe kowa ba.

In mai garejin ya matsa maka, ka ce masa 'yarka ta ce a ba ka aikin da ba na saurare ba na ɗan lokaci. Shekara nawa kana ɗauke masa kaya, ai shi ma ya ɗauke maka na mako biyu.

Na sa maka sabulun nan da kake so a cikin ledar.

'Yarka


Lahadi, 15 ga wata

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso ranar Alhamis, sabulu ma ya iso, Goggonki ta riga ta yanke rabi ta ce ladan ajiya ne. Muna lafiya. Na ji umarni, ban ɗiga komai ba. Mai faci ya ji haushin abin da kika ce, don ni da bakina na karanta masa.

Kunne yana nan yadda yake. Fiton ya ɗan ragu, ko kuma ni ne na saba da shi.

Bari in ba ki labarin abin kunyar da na yi, gara ki ji daga wurina. Mai tasin nan da ke kawo mini motarsa tun tana sabuwa ya zo ranar Talata, ya ce yana jin wani ƙara a gaba. Na buɗe, na sa ya tayar, na ɗauko sukudireba na kanga a kunnen dama kamar kullum. Hannuna yana jin inji yana rawa, kunne bai ji komai ba. Na mayar hagu, sai wani guuu da ba shi da kai ba shi da gindi. Mutumin yana tsaye yana kallona da irin kallon nan na wanda ya san za a faɗa masa gaskiya. Uwata, sai na kasa cewa ban ji ba. Na ce fambel ne, na ɗaure masa, ya tafi yana godiya. Washegari aka jawo motar da igiya. Boris ɗin famfon ruwa ne ya watse, inji ya yi zafi da fasinja a ciki. Ƙaran da ko a cikin barci aka tashe ni zan gane shi.

Mai garejin bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dafa kafaɗata ya ce in riƙa kula da ɗakin kayan aiki kafin in warke. Yanzu ina zaune a kan benci, wanda ke son sifana ya nuna mini lamba da yatsu in miƙa masa. In mota ta shigo da ƙara, sai in ga sun taru a kanta su uku suna gardama, ba mai waiwayowa inda nake.

Ranar Juma'a Goggonki ta matsa sai da muka fita. Akwai wani wuri a saman babban kantin magani na kusa da tashar mota, an rubuta gwajin ji a allonsu. Na kwafo miki sunan a bayan takardar nan, ki duba ko yana cikin jerinku. In yana ciki zai yi mini sauƙi, mota ɗaya ce daga gida.

Ina nan ina jira, kamar yadda kika ce.

Babanki


Alhamis, 26 ga wata

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa saboda jinkiri. Lafiyata ƙalau. Ruwa ne ya cinye wani sashe na hanyarmu, wakilin inshora bai samu shigowa ranar Juma'ar ba sai jiya. Ni kaina kullum sai na leƙa ofishin ma'aikata, har magatakardan ya fara ce mini ko bashi nake bin wakilin.

Labarin mai tasi ya taɓa ni. Amma kada ka sa shi a ranka, Baba, kowa ya san waye kai a garejin nan. Da an wanke kunnen za su dawo suna layi.

Ga albishir. Wurin da ka rubuto yana cikin jerinsu, shi ne ma na farko a kan takardar. Katina ya haɗa da gwajin ji da ganin likitan kunne, har da na'urar ji in ta kama, amma ina ganin ba za a kai can ba. Na cike komai, wakilin ya buga hatimi, lambar izinin tana sama ta hannun dama, na ja mata layi da jan biro. Ka tafi da ita da katin da hotonka. Kada ka ba kowa asalin takardar ya riƙe, su kwafa su mayar maka.

Ka ga amfanin haƙuri ke nan. Da ka shiga ranar nan da yanzu muna ta rubuce-rubucen neman a yafe mana.

Dogo ba zai taso ba sai an gama gyaran hanyar, sun ce farkon mako. Duk abin da aka ce maka a can ka rubuto mini, kuma ka karɓo mini kwafin sakamakon in sa a fayil.

'Yarka


Laraba, 9 ga sabon wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, hanya kuma ta gyaru. Goggonki lafiya. Takarda ta iso ranar Juma'a da lambarta da jan layinta, aka ba ni ranar Litinin, na je.

Mai gwajin jin mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba, mai haƙuri ƙwarai. In za ta yi magana sai ta fuskance ni sosai, abin da ya gagara ta rubuta a takarda. Ta fara leƙa kunnen da 'yar fitila. Na ce mata ta yi a hankali kada ta faɗa ramin baƙin mai. Ta yi murmushi ta rubuta mini cewa kunnen tas yake, ba dauɗa ko kaɗan. Ni kuwa dauɗar nan na dogara da ita.

Daga nan ta sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangonsa duk soso, da taga ta gilashi tsakanina da ita. Ta sa mini abin saurare a kai, ta ba ni wani maɓalli, ta ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarsa, in danna. Aka fara da hagu. Na danna, na danna, wasu na ji, wasu na san sun wuce ni. Sai ta nuna mini da hannu cewa za a koma dama. Na gyara zama, na ɗora babban yatsa a kan maɓallin, ina jira ta fara. Na jira har na fara tunanin ko na'urarta ce ta lalace, har ina shirin in ce ta kawo in duba mata. Da na ɗaga kai na dube ta ta gilashin, sai na ga hannunta yana kan abin murɗawa, ta kai shi ƙarshe, tana kallona. Ashe tun ɗazu ta fara.

Ba ta bar ni na tafi gida ba. Ita da kanta ta raka ni wurin likitan kunne a ƙarshen barandar. Ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na ce yau mako biyar cif. Ya ajiye bironsa. Ya ce ba toshewa ba ce, jijiyar ji ce ta can ciki. Ya ce kunnen da ya ɗauke lokaci ɗaya irin haka ana son a gan shi a kwanakin farko, akwai maganin da suke bayarwa, ba kowa yake yi wa aiki ba, amma da yawa sukan samu wani abu ya dawo. Bayan mako biyu zuwa uku kuwa sai dai a gwada don kada a ce ba a yi ba. Ya rubuta mini shi duk da haka, ya kuma ce a ɗauki hoton kai don a tabbatar ba wani abu a ciki. An ɗauka jiya, ba komai, alhamdu lillahi.

To kin ji, wai an ce da tsohon makaniki injinsa ya buga. Na tambayi likitan ko akwai na gwanjo a kasuwa, bai yi dariya ba.

Maganar da ta fi daɗi ita ce, mai gwajin ta ce hagun da muka raina yana da sauran amfani, za a yi masa na'ura. Ta duba takardarki ta ce komai ya cika, inshora za ta biya, ba inda za su kama mu. Ta ce ba ta cika ganin takardun da aka shirya da kyau haka ba. Na ce mata aikin uwata ne.

Ga kwafin sakamakon da kika ce. Rubutun likitoci ne, ni ban gane komai a ciki ba sai sunana.

Kada ki damu kanki. Abin da Allah ya rubuta ne.

Babanki


Litinin, 14 ga wata

Baba,

Ina gaishe ka. Ban san yadda zan ce ina lafiya ba, amma jikina ƙalau.

Na karanta sakamakon. Kai ba ka gane rubutun ba, ni na gane. A ƙasan shafi na biyu mai gwajin ta rubuta cewa ka zo wurinsu ranar sha uku ga watan jiya, kwana goma sha ɗaya da faruwar abin, ta ba ka shawarar ka ga likita a ranar, ka ƙi, ka ce sai takardar inshora ta zo. Baba, ce mini ka yi kun ga allo. Ba ka ce mini ka hau benen ba. Ba ka ce mini ka tsaya a gabanta ba.

Na koma na ɗauko wasiƙarka ta farko. Ga shi nan da hannunka: lokaci ɗaya, kamar an kashe makunni. Ka rubuta, ban gani ba. Wallahi idona ya bi ta kai ya wuce. Na ga gwiwar Goggo, na ga mai faci da man zaitun, na yi dariya, na ga tabarau na ce yawwa, Baba ya ji magana. Ni da ake yabo a wurin nan cewa ko ƙusa ɗaya ba ta ɓace mini a takarda.

Akwai abin da ya fi wannan. Ranar da aka sa ka a katina sun ba ni wani ɗan littafi. Yana cikin akwatina, a ƙarƙashin zannuwan gado, ko ledarsa ban cire ba sai shekaranjiya. A shafi na goma sha ɗaya an jera abubuwan da ba a jiran izini a kansu, mutum ya tafi kawai, a sanar da su daga baya cikin kwana uku. Ɗaukewar gani ko ji farat ɗaya shi ne na huɗu. Ba wanda zai cire sunanka. Ba abin da za su ƙi biya. Ni ce na ƙirƙiro maka dokar da su kansu ba su kafa ba, na aiko maka da ita a leda tare da sabulu. Har na rubuta maka cewa kwana goma ba za su kashe kowa ba. Har na ce ka ga amfanin haƙuri.

Faɗan da na yi maka bara ma ba don tabarau ba ne. Kunya na ji da aka kira ni ofis aka yi mini magana a gaban mutane, na zo na sauke a kanka. Kai kuma ka ɗauka ka riƙe kamar wasiyya.

Me ya sa ba ka ƙi jin maganata ba, Baba? Sau ɗaya kawai. Ni ba mahaifiyarka ba ce, sunanta kawai aka ba ni. Ita da tana nan da ta kama hannunka ta shigar da kai ɗakin likitan ko da ihu kake yi.

Na nemi hutu, sun ce sai an gama zubin kankaren da ake yi, tsakiyar watan gobe. Ka yafe mini. Na san ba zai mayar da komai ba, amma ka yafe mini.

'Yarka


Juma'a, 25 ga wata

Baba,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya kai da Goggo.

Dogo ya zo sau biyu hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce ya gan ka a kan benci, ka karɓi wasiƙata ka sa a aljihu. Na shiga gari ranar Lahadi na kira Goggo, ta ce kana cin abinci, kana zuwa aiki, in bar ka tukuna.

In fushi kake yi, kana da gaskiya, ba zan ce ka daina ba. Amma ka rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne. Kullum in na shiga sito aka tayar da janareto sai in toshe kunnen dama da yatsa in ji yadda kake ji, in kasa minti ɗaya.

'Yarka


Laraba, 30 ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Goggonki ta ce in gaya miki ki daina kuka a waya kina cinye mata caji.

Wasiƙunki biyu suna nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi fushi. Kwana huɗu na yi ina jin haushinki, da na littafin nan na ƙarƙashin zannuwa. Na fara rubuta miki sau uku ina yagawa, don abin da ke fitowa ba irin wanda uba ke aika wa 'yarsa ba ne. Da fushin ya sauka sai na tarar da wani abu a ƙarƙashinsa, shi ne ya ɗauke ni sauran kwanakin.

Ranar sha ukun nan, ga yadda aka yi. Mun hau benen. Goggonki ta yi wa mai karɓar baƙi bayani, ita kuma ta shiga ta kira mai gwajin. Matar nan ta fito da kanta, ta ja kujera ta zauna a gabana, ta rubuta a takarda: Baba, ka shigo yanzu, takarda ta biyo baya. Ta ja layi a ƙarƙashin yanzu. Goggonki har da riƙe mini riga. Ni kuwa na zaro wasiƙarki daga aljihu na nuna musu, na ce 'yata ta hana.

To ki ji gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba. Da na ga fuskar matar nan na san ba dauɗa ba ce. Shekara talatin da biyar ina yi wa masu mota irin wannan kallon kafin in gaya musu abin da ba sa son ji. Tsoro ne ya kama ni. Muddin ban shiga ɗakin nan ba, ni makaniki ne mai toshewar kunne. Sai na laɓe a bayan wasiƙarki, na sauko benen har ina jin daɗi wai ni mai cika alkawari. Saboda haka kayan nan ba naki ba ne ke kaɗai, ki sauke rabi ki ba ni. Wanda ya rage a kanki kuma na yafe, duniya da lahira.

Maganin likita na shanye shi, bai yi komai ba. An sa mini na'urar ranar Litinin, 'yar ƙarama, tana maƙale a bayan kunnen hagu. Ina jin magana yanzu in mutum ɗaya ne kuma yana kusa. Sai dai kowa muryarsa ta koma kamar daga cikin gwangwani. Na gwada ta a kan inji, na kanga sukudireba, ta yi wani tsuwwa sai da na cire ta. Mai gwajin ta ce zan saba da muryoyi, amma inji ba ta yi mini alkawari ba. Na rataye sukudirebar a ƙusa a ɗakin kayan aiki. Jiya mai tasin nan ya dawo da motarsa, ya wuce su duka ya zo inda nake. Na ce masa ya kai wa mai garejin, ni ba na ji. Wannan karon na iya faɗa.

Akwai abin da nake ta juyawa. Maganar ƙarshe da kunnen nan ya ji sosai taki ce, ranar Lahadin da kika kira. Kina sauri motarku za ta tashi, kika ce, Baba sai na sake kira, ka gaida Goggo. Ba wata magana ba ce, amma tana nan yadda kika faɗe ta, da muryarki ta gaske, ba ta gwangwani ba. Na gode Allah da ba ta mai faci ba ce.

Ki zo hutun nan, kada ki zo mini da fayil. Na san ƙafarki da kanta za ta kai ki damana, shekara ashirin da biyar ke nan tana yin haka. Ba kowa a can yanzu, Uwata. In kin zo ki zagayo ta hagu.

Babanki